Baƙin Mai da Wutar Hawai: Tarihin Hayaƙin da Ya Ƙi Yankewa

A watan Satumba na 1881, Sarki Kalakaua na tsibiran Hawai, a kan hanyarsa ta komawa gida daga zagayen duniya, ya ya da zango a birnin New York, ya kai wa Thomas Edison ziyara don ya ga fitilar lantarki da idonsa. Abin ya shiga ransa. A watan Nuwamba na 1886, lokacin bikin cikarsa shekara 50 da haihuwa, aka haska harabar fadarsa ta Iolani da ke Honolulu, shekara ta gaba kuma wuta ta shiga cikin fadar kanta, alhali fadar shugaban Amurka ba ta samu ba sai 1891. A watan Maris na 1888 Gimbiya Kaiulani ta kunna fitilun titunan birnin. Wutar da ta kunna daga ruwa aka samo ta: wani ɗan inji aka girka a kwarin Nuuanu, ruwan da ke gangarowa daga duwatsu yana juya shi.

Ruwan Nuuanu bai ishi birnin da ke bunƙasa ba. A 1891 aka kafa kamfanin Hawaiian Electric, wanda har yau shi da rassansa ke ba kusan dukkan jama'ar jihar wuta. Sarautar da ta kawo lantarkin ba ta daɗe ba bayan haka. A 1893 wasu Turawa 'yan kasuwa, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka hamɓarar da Sarauniya Liliuokalani. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran, a 1959 kuma suka zama jiharta ta 50. Kamfanin wutar ya fara da ƙona kwal da ake kawowa a jiragen ruwa, amma tun farkon ƙarni na 20 man Kalifoniya ya soma ture kwal ɗin gefe. Daga nan har zuwa yau mai ne ƙashin bayan wutar Hawai.

Wanda ya dubi taswira zai fahimci dalili. Tsibiran suna tsakiyar tekun Pasifik, kimanin kilomita 3,800 daga gaɓar Kalifoniya. Ƙasarsu ba ta da kwal, ba ta da mai, ba ta da iskar gas. Kogunansu gajeru ne, babu inda za a gina babbar madatsa irin ta Kainji. Babu wayar da ta haɗa su da sauran Amurka, kai, babu ma wayar da ta haɗa tsibiri da tsibiri: Oahu, inda Honolulu take, da layinta, Maui da nata, Kauai da nata, haka sauran. In inji ya mutu a Honolulu babu maƙwabcin da za a aro wuta a wurinsa. A irin wannan hali mai ya fi kowane makamashi sauƙin sha'ani. Ruwa-ruwa ne, jirgi zai ɗauko shi, bututu zai tura shi, tanki zai adana shi wata da watanni, kuma injin da ke shan sa ana iya ƙara masa wuta ko a rage gwargwadon buƙata.

Manyan tashoshin Oahu baƙin mai suke ƙonawa, irin wanda masaƙun Kaduna da Kano suka riƙa saye don tukwanensu na tururi a zamanin da masaƙun ke tashe. Shi ne abin da ke saura a gindin tukunyar matata bayan an kwashe fetur da kananzir da man gas. Yana da kauri ƙwarai, sai an ɗumama shi kafin ya bi bututu. A tasha ana fesa shi cikin tanderu, wutar ta tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya haifar da lantarki. Kashi 85 zuwa 87 cikin 100 na nauyin wannan mai sinadarin kabon ne. In ya ƙone, kabon ɗin yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa, ya fita ta bututun hayaƙi a matsayin iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya. Saboda wannan haɗuwar, abin da ke fita ya fi abin da aka zuba nauyi: kilo 1 na baƙin mai yana haifar da iskar kabon fiye da kilo 3, ganga guda kuwa ta lita 159 tana haifar da wajen kilo 470. Tsofaffin tashoshin tururi kashi ɗaya cikin uku kawai na zafin man suke mayarwa lantarki, sauran ya bi hayaƙi da ruwan sanyaya inji. Shi ya sa kowane yunit guda da mita ta karanta daga irin wannan tasha ya bar kimanin giram 800 na iskar kabon a sama. Kwal ya fi haka, wajen kilo guda. Tashar iskar gas ta zamani rabin na mai take fitarwa. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari. Ana iya rage farar wuta a cikin mai, ana iya tace toka har bakin bututu ya yi fes, amma kabon ɗin yana nan yana fita.

Tashoshin da suka riƙe jihar an fara gina su ne a zamanin da mai ke da arha kamar banza. Waiau, a bakin mashigin Pearl Harbor, ta fara aiki a 1938. Kahului ta tsibirin Maui a 1948. Babbarsu, Kahe, a gaɓar yammacin Oahu, an kunna injinta na farko a 1963, aka yi ta ƙari har inji na shida a 1981, ƙarfinta ya kai wajen megawat 650. Gaɓar da aka kafa ta, wato yankin Waianae, ita ce inda 'yan asalin Hawai suka fi yawa a tsibirin, kuma a nan kusa aka ajiye babban jujin sharar Oahu. Mutanen yankin sun daɗe suna kukan cewa duk abin da masu hali ba sa so a unguwarsu, wurinsu ake kaiwa. Suna da gaskiya.

Akwai wani ƙulli da ya ɗaure wutar Hawai da mai fiye da nisan teku, kuma ba kasafai ake ambatonsa ba. A shekarar da ta zama jiha, jiragen sama masu saurin gaske suka fara jigilar fasinja zuwa Honolulu, yawon buɗe ido ya buɗe, har baƙi suka haura miliyan 10 a 2019, a jihar da mazaunanta kimanin miliyan 1.4 ne. Ga kuma sansanonin soja masu yawa. Duk wannan yana buƙatar man jirgi. A 1960 kamfanin Standard Oil na Kalifoniya ya buɗe matata a Barbers Point da ke Oahu, a 1972 aka buɗe ta biyu a kusa da ita. Matata ba ta iya fitar da man jirgi zalla. Kamar mai surfe ne, in yana son tsaba dole ya sami inda zai kai dusa. Dusar matatun Hawai ita ce baƙin mai, kuma babban mai sayenta kamfanin wuta ne da ke maƙwabtaka. Matata ta sami kasuwa a bakin ƙofa, kamfanin wuta ya sami mai ba tare da ya ƙetare teku ba. A gefe guda kuma ƙa'idar farashi ta ba kamfanin damar ɗora kuɗin mai kai tsaye a takardar kuɗin wuta. In ganga ta yi tsada talaka ne ke biya, ba mai hannun jari ba. Shekaru da dama babu wanda ke da ikon sauya tsarin da yake jin zafinsa a aljihunsa.

A daidai wannan zamani, a babban tsibirin jihar, wani aiki na daban ya fara. A watan Maris na 1958 masanin kimiyya Charles David Keeling na cibiyar Scripps ya sa aka girka na'urar auna iskar kabon a kan dutsen Mauna Loa, a tsayin kusan mita 3,400. An zaɓi wurin ne saboda tsabtar iskarsa, nesa da masana'antu da dazuzzukan manyan nahiyoyi. Awon farko ya nuna kusan ƙwaya 315 cikin kowane miliyan na iska. A watan Mayu na 2013 adadin ya taɓa 400, yanzu ya haura 420. Babu wani awo da ya tabbatar wa duniya cewa hayaƙin ɗan Adam yana taruwa a sama kamar wannan, kuma ba a daina shi ba tun ranar da aka fara, sai ɗan tsaiko nan da can, kamar lokacin da dutsen ya yi aman wuta a Nuwamban 2022 ya yanke hanya da wayar lantarkin wurin. Saboda haka ba za a ce mutanen Hawai sun yi ta ƙona mai cikin jahilci ba. Shaidar a gidansu aka tara ta.

Girgiza ta farko ta zo a 1973, da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda yaƙin da aka gwabza a watan Oktoban shekarar. Farashi ya ninka har sau huɗu. A farkon 1974 Hawai ta shiga rabon fetur bisa lambar mota, masu lamba mara da ranarsu, masu cika da tasu. A wancan lokaci kusan kashi 17 cikin 100 na lantarkin Amurka daga mai yake fitowa. Sauran jihohi suka ja da baya da sauri, suka koma kwal da nukiliya, daga baya iskar gas, har mai ya faɗi ƙasa da kashi 1 cikin 100 na wutar ƙasar. Hawai ba ta bi su ba. Ba ta da bututun gas, tashar nukiliya kuwa ta yi wa ƙaramin layi girma, sannan a 1978 jihar ta sa a tsarin mulkinta cewa ba za a gina irin wannan tasha ba sai da amincewar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa. Wajajen 1990 kusan kashi 90 cikin 100 na wutar jihar daga mai yake.

Ba wai an zauna hannu rabbana ba. A shekarun 1980 an yi babban shiri na haƙa rijiyoyin tururi a yankin Puna na babban tsibirin, gindin dutsen Kilauea mai aman wuta, a samar da megawat 500, a tura Oahu ta wayar ƙarƙashin teku. Shirin ya ci karo da zurfin mashigin da ke tsakanin tsibiran, da tsadar aikin, da kuma 'yan asalin ƙasar waɗanda ke ganin dutsen wuri ne mai alfarma a al'adarsu, dajin da za a sare kuma gadonsu ne. A 1990 an kama masu zanga-zanga fiye da ɗari a rana guda. Abin da ya tsira daga shirin ƙaramar tasha ce da ta fara aiki a 1993, daga baya ta kai megawat 38, tana ba babban tsibirin kusan rubu'in wutarsa, har aman wutar 2018 ya rufe ta na tsawon shekara biyu da rabi. A Oahu kuwa maganin da aka samo kwal ne. A 1992 kamfanin AES ya buɗe tasha mai megawat 180 da ke ƙona kwal ɗin Indunusiya. Ta rage dogaro da mai, ta sauƙaƙa farashi, amma ta fuskar hayaƙi gara jiya da yau.

A lokaci guda wata tsohuwar hanya tana mutuwa a hankali. Gonakin rake sun yi shekaru suna ƙona tukar rake a masana'antunsu, suna sayar wa jama'a rarar wutar, musamman a Kauai da Maui da babban tsibiri. Da noman rake ya durƙushe, kowace masana'anta da ta rufe sai mai ya maye gurbinta. Ta ƙarshe ta rufe a Maui a 2016.

Abin da ya farkar da jihar a karo na biyu aljihu ne. A watan Yuli na 2008 gangar ɗanyen mai ta kai dala 147, kuɗin wuta a tsibiran ya yi tashin gwauron zabi. Tun a watan Janairun shekarar Gwamna Linda Lingle ta riga ta rattaba hannu da ma'aikatar makamashi ta tarayya kan shirin samar da kashi 70 cikin 100 na makamashin jihar ta hanya mai tsabta kafin 2030. Dokoki suka biyo baya. Aka wajabta wa sababbin gidaje na'urar dafa ruwa da hasken rana daga 2010. A shekarar aka ɗora harajin dala 1.05 a kan kowace gangar mai da ta shigo. A watan Yuni na 2015 Gwamna David Ige ya sa hannu a dokar da ta ce nan da 2045 dukkan lantarkin jihar ya fito daga makamashin da ba ya ƙarewa, kuma Hawai ce jiha ta farko a Amurka da ta yi haka. Dokar ta gindaya matakai: kashi 30 a 2020, kashi 40 a 2030, kashi 70 a 2040. A wannan tsakanin kamfanin wuta ya so ya riƙa shigo da daskararriyar iskar gas a jirgi don maye gurbin mai. Gwamnan ya ƙi, yana ganin kuɗin da za a kashe zai ɗaure jihar da wani makamashin na ƙetare. Da hukumar kula da farashi ta ƙi amincewa kamfanin NextEra na Florida ya sayi Hawaiian Electric a 2016, maganar gas ta bi ruwa.

Talakawa da masu matsakaicin hali sun riga gwamnati gudu. Da yake kuɗin wuta a Hawai ya ninka na sauran Amurka fiye da sau biyu, duk wanda ke da rufin kansa da ɗan abin hannu sai ya ɗora farantan sola. Yau fiye da gida ɗaya cikin uku na gidajen da iyali guda ke ciki a Oahu suna da su. Mai haya da mazaunin bene ba su da wannan gata, su ne suka ci gaba da ɗaukar nauyin tsadar mai.

Inda aka ga canji na haƙiƙa shi ne Kauai, tsibiri mai mutane kimanin 73,000. Tun 2002 masu shan wutar ne suka mallaki kamfaninsu a matsayin ƙungiyar gama kai, saboda haka wanda ke yanke shawara shi ne mai biyan kuɗin mai. A 2010 fiye da kashi 90 cikin 100 na wutarsu daga mai take. A 2017 suka buɗe gonar sola mai megawat 13 haɗe da baturan Tesla da ke adana wutar rana don amfanin dare, wasu suka biyo baya. Zuwa 2020 makamashi mai tsabta ya haura kashi 60, kuma a ranakun da rana ta buɗe sosai tsibirin yakan yi sa'o'i ba tare da injin mai ko ɗaya yana ba da wuta ba. Gaskiya ne Kauai tana da fili da ruwa da ƙarancin jama'a. Oahu mai mutum kusan miliyan guda ba ta da wannan sarari. Shirin kafa manyan fankokin iska a tsibiran Lanai da Molokai a turo mata wuta ya mutu saboda mazauna can sun ƙi, a 2019 kuma an kama kusan mutum 200 a rikicin fankokin Kahuku na Oahu, waɗanda aka kafa dab da gidaje da makaranta.

A 2020 majalisar jihar ta haramta ƙona kwal don lantarki daga ƙarshen 2022. Ranar 1 ga Satumba, 2022, tashar AES ta daina aiki bayan shekara 30. An yi murna, kuma murnar tana da dalili, domin tana cikin tashoshin da suka fi ƙazanta in aka auna da wutar da take bayarwa. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Gonakin sola da aka yi alkawarin za su maye gurbinta sun makara, saboda annobar korona da tsaikon kayan aiki da jan ƙafa wajen ba da izini. Babbar ma'ajiyar batir ta Kapolei, mai megawat 185, ba ta fara aiki ba sai ƙarshen 2023. Nauyin ya koma kan tsofaffin tukwanen Kahe da Waiau, a daidai shekarar da Rasha ta mamaye Yukiren, mai ya yi tsada, matata ɗaya tilo da ta rage a jihar ta daina sayen ɗanyen man Rasha ta ƙara karkata ga Libiya da Ajantina. Kamfanin wuta ya sanar wa mutanen Oahu ƙarin kimanin kashi 7 cikin 100. A ganina rufe tashar kwal daidai ne, kuskuren yana wajen shugabannin da suka san ranar rufewa tun shekaru kafin ta zo, amma ba su tabbatar magajiyarta ta tsaya da ƙafarta ba. A watan Janairu na 2024, da injuna biyu suka tsaya a Waiau cikin ruwan sama mai ƙarfi, sai da aka riƙa ɗauke wuta unguwa-unguwa a Oahu.

In aka tattara lissafi, an ci gaba, amma da tafiyar hawainiya. Wajajen 2010 tashoshin wutar jihar suna fitar da iskar kabon fiye da tan miliyan 8 a shekara, a 'yan shekarun nan kuwa tsakanin miliyan 6 da 7. A ma'aunin duniya, wadda ke fitar da kusan tan biliyan 37 daga mai da kwal da gas, wannan ɗigo ne. A ma'aunin mutum ɗaya kuwa ba ƙaramin abu ba ne: ya haura tan 4 ga kowane mazauni daga lantarki kaɗai, alhali ɗan Najeriya, in aka haɗa motarsa da janaretonsa da masana'antun ƙasarsa, bai kai tan guda ba. Jihar kuma tana cikin masu ɗanɗana kuɗar sauyin yanayi, domin binciken hukumar nazarin ƙasa ta Amurka ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na gaɓar yashi a Oahu da Maui da Kauai teku na cinye ta. A 2020 birnin Honolulu ya maka manyan kamfanonin mai a kotu, yana zarginsu da ɓoye wa jama'a illar hajarsu.

Gobarar garin Lahaina na tsibirin Maui ta ranar 8 ga Agusta, 2023, wadda ta kashe mutum 102, ta ƙara dagula al'amari. Bincike ya danganta tashinta da wayoyin lantarki da iska ta kayar, kamfanin wuta ya amince zai biya kusan rabin diyyar dala biliyan 4 da aka daidaita a kai, darajarsa a wurin masu ba da bashi ta faɗi, kuma da bashi ake gina sababbin tashoshi. An ɗage ranar rufe tsohuwar tashar Kahului. A watan Janairu na 2025 ofishin makamashi na jihar ya fitar da nazarin da ya dawo da maganar iskar gas a matsayin abin da zai maye gurbin baƙin mai a Oahu kafin 2045, shawarar da aka yi watsi da ita shekara goma da suka wuce. Masu goyon baya suna cewa gas zai rage hayaƙi da farashi nan take, masu adawa suna cewa tashar sauke gas da za a gina ba za ta mayar da kuɗinta ba kafin wa'adin doka ya cika, sai a fara neman ɗage wa'adin.

A 2024 kamfanin Hawaiian Electric ya ba da rahoton cewa kashi 36 cikin 100 na wutarsa daga makamashi mai tsabta ta fito, wato matakin 2030 yana kusa. Na 2040 shi ne mai wuya, domin ba za a kai kashi 70 ba sai an kashe yawancin tukwanen Kahe da Waiau, kuma har yanzu kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin jihar daga mai yake fitowa.